Buhu Biyu Muka Kai wa Rairayi

Ana idar da sallar asuba muka bar Saint-Denis, ni da maigida, bayan mota cike da tanti biyu na aro, da dambun zogale, da kilishin da na sayo a kasuwar Château Rouge, sai buhun shinkafa biyu da babu komai ciki. Lyon muka nufa, inda Innata ta yi wata biyar a wajen ƙanena tana karɓar magani. Saura mata wata uku, amma ta ce ta gaji, a saya mata tikiti ta koma gida Tanut. Likita kuwa ya ce in ta katse, ciwon zai dawo.

Da na matsa mata a waya, sai ta ce, "'Yar nan, tun da na zo goshina bai taɓa ƙasa ba. A bene na tara nake sujada, a rataye kamar tsuntsuwa."

Ƙanena ne ya ce akwai wani wuri a kudu, Espiguette, rairayi ne iya ganin ido, gwamnati ke tsaronsa, kuma ana kafa tanti kusa da shi.

Hanya sumul, sai dai kowace ƙofar biyan kuɗi maigida sai ya yi tsaki ya ce ko kwaltar da zinariya aka shafe ta. Da azahar muka ɗauki Inna da ƙanena. Ta rame. Muka nufi kudu har muka wuce gonakin inabi. Can ƙasa ta buɗe, muka fara ganin tafkuna masu jan ruwa, da tsibin gishiri fari fat, da wasu tsuntsaye dogaye tsaye da ƙafa ɗaya kamar masu tunani. Inna ta ɗago kai ta ce, "Su ma suna da Bilmarsu ta gishiri ashe."

A wurin kafa tanti aka hana mu hura gawayi, wai itatuwan ba su da wuyar kamawa da wuta. Shayin da aka dafa a gas muka sha, maigida yana ta ba shayin haƙuri kamar baƙo. Maƙwabtanmu wasu tsofaffin Turawa ne, na kai musu dambu, matar ta dawo da kwanon cike da tumatir.

Da safe muka taka zuwa tuddan. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Iska ta yi wa rairayin kitso layi-layi, babu gida, babu ƙarar jirgin ƙasa, teku can nesa yana numfashi. Na lumshe ido, sai ga ni yarinya a bayan garinmu, ina jiran a kira ni cin tuwo. Inna ta cire takalmi. Na shimfiɗa mata sallaya, ta ture ta da ƙafa, ta yi walaha a kan rairayi tsagwaronsa. Ta daɗe a sujada har na fara tsorata. Da ta ɗago, goshinta da hancinta duk rairayi, ba ta share ba.

Sai muka fito da buhunanmu. A gida, ɗakin tsohuwa rairayi mai tsabta ake zuba masa, mu ma niyyarmu mu zuba mata a lungun da take salla. Mun cika ɗaya rabi sai ga ma'aikaciyar wurin. Cikin ladabi ta ce ko cikin cokali ba a ɗauka.

Ƙanena ya fassara. Inna ta dubi tuddan, ta dube ta.

"Tambaye ta, ƙirga shi suka yi?"

"Inna, doka ce."

"To, juye musu abinsu. Ba na sujada a kan kayan da aka hana."

Maigida ya zazzage buhun. Ni kam na juya baya don kada ta ga idona, na ce a raina shi ke nan, tikiti ya tabbata.

Kwana biyu muka yi, kullum tana can zaune tana zuba rairayi daga hannu zuwa hannu. Da muka koma Lyon na shiga kakkaɓe kaya a kan wani babban faranti don kada in ɓata wa ƙanena ɗaki. Daga tabarma ya zubo, daga zannuwa, daga takalma, har daga aljihun maigida. Kafin in gama, farantin ya rufe.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta sa tafin hannu ta baje shi. "Wannan ba mu ɗauko shi ba, shi ya biyo mu." Ta jawo farantin gaban sallayarta, ta dubi ƙanena. "Ranar Talata ne ganin likitan, ko?"

Mun iso Saint-Denis da la'asar, buhunanmu a ninke yadda muka tafi da su. A hanya na yi ta tunani, wata biyar muna tambayar Inna me ke mata ciwo, babu wanda ya tambaye ta me take kewa. Yanzu in na kira ta, da wannan tambayar nake farawa.