Sista Talatu, wadda Baffana ya bari tsaye a ƙofa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sista Talatu ta rasu.

Da safen nan ina shago a Gwallaga, ko zarto ban ɗauka ba, aka kira ni aka faɗa min. Na zauna kan katako. Abin da ya fara zo min a ido shi ne wata safiyar Asabar a watan jiya: ita tsaye a ƙofar gidan Baffana, jaka a hannu, rana na dukanta, an hana ta shiga.

Kun san ni, hoton gado da kujera kawai nake sawa a nan, ba na faɗa da kowa. Yau ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ta ba, nas ce a ɓangaren masu ciwon suga. In yaro ya yi ta komawa gadon asibiti, suga ya ƙi daidaita, sai ta ce gidan za a duba, ba yaron kaɗai ba. Ta bi shi gida, ta tara uba da uwa da duk mai baki a kansa, a zauna tabarma ɗaya. Zaman gida take ce masa.

Ni ma ta haka ta same ni.

Ɗan fari ne ni, gidanmu kuma gidan filako, kunyar nan ta Fulani. Innata ba ta kiran sunana, ba ta yi min magana baki da baki. "Wancan" nake a bakinta. Babana in na shigo zaure sai ya sami abin dubawa a waje. A hannun kakata na tashi, ita ta san lokacin allurata ta insulin, ita ke bin kwanona. Da Allah Ya ɗauke ta sai aka dawo da ni gida, ina tashen samartaka.

Gida cike da mutane, babu mai ce min "ka yi allura?" Waɗanda ya kamata su tambaya kunya ta ɗaure musu baki. Inna sai dai ta aiki ƙanwata: "Ki ce wa wancan ya ci abinci." Yarinya ta tsaya wasa, saƙo ya mutu a tsakar gida.

Sai aka ce Baffa, wan babana, shi zai kula da ni.

Maganin Baffa tsawa ne da bulala. Ya ce ciwon suga na tsofaffi masu tumbi ne, ni kwaɗayi ya ja min. Ya sa aka ware min kwano, ina ci ni kaɗai a bakin rijiya kamar mai cutar da ake ɗauka. Yana caje min aljihu a gaban baƙi. Ranar da ya ga dabinon da asibiti suka ce in riƙa yawo da shi saboda faɗuwar suga, ya ƙwace, ya zane ni. A ranar na durƙushe a hanyar Shadawanka, jiki na ɓari, gumi na zuba. Wata mai sayar da lemo ce ta ba ni na sha na dawo hayyacina.

Yaron da ake yi wa haka, ɓuya zai koya. Sai asibiti ya zama min gida na biyu.

Ranar da Sista ta fara zuwa, ta cire takalmi tun daga zaure, ta gaishe da Inna da Fillancinta na kasuwa, har Inna ta yi dariya cikin mayafi. Dokarta ɗaya: mai magana ba a katse shi, ko yaro ne. Ina buɗe baki Baffa ya katse ni.

Ta ce, "Alhaji, layinka na zuwa."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fita. Ita kuwa ta ci gaba kamar iska ce ta wuce.

Ta juya ta ce, "Inna, me kike tsoro?"

Bango Inna take kallo, kuma bangon ta ba amsa: "Kada a zo a ce min ya faɗi inda babu kowa."

Wallahi sai a ranar na san ina ranta.

Sista ba ta ce mata ta kira sunana ba. Ta ce, "Kunyarki taki ce, ban zo karɓe ta ba. Ina randarki?" Ba mu da firij. Ta sa insulin a gwangwani, ta binne shi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, cikin ɗakin Inna. Ta ce, "Daga yau nan maganin yake kwana. Safe da yamma zai shigo. Ba sai kin ce komai ba, ki dai kasance a ɗakin."

Babana ta ba shi aikin kai ni awon suga a babur. A mashin ba a kallon juna, ta san haka. Ta sa aka mayar da ni kwanon 'yan'uwana, kowa ya ci irin nawa, ganye da yawa, tuwo daidai. Ƙannena sun yi ƙorafi har suka gaji.

Ta yi ta dawowa. Wata rana a yi dariya, wata rana a tashi kowa fuska a ɗaure.

Can wata yamma na makara a wajen koyon aiki. Na tarar da Inna a bakin ɗakinta, ta kau da kai gefe, ta ce, "Ka yi?"

Ni ta tambaya, da bakinta.

Da na ba Sista labari ta tafa hannu, ta ce, "To Hammadu, ka sami wadda ta fi ni. Ni sai dai in zo shan fura." Tun daga lokacin ban sake kwana a asibiti ba.

Baffa kuwa bai bar ta ba. A majalisarsu yake cewa akwai wata nas da ke yawo gida-gida tana koya wa mata fitsara, tana ɗora 'ya'ya su yi wa iyaye shari'a. Akwai gidajen da suka rufe mata ƙofa saboda bakinsa. Na ji, na haɗiye.

Sai ciwon ya shiga gidansa. 'Yarsa, ƙanwata, ba zan sa sunanta a nan ba. Allah Ya sani ban yi murna ba.

Abin da ya yi min shi yake yi mata. Kwano daban, tsawa, duka in aka ce ta sha zoɓo a makaranta. Ta daina faɗin gaskiyar awonta, an kwantar da ita ba sau ɗaya ba. Yarinyar da ke cika gida da surutu, yanzu hijabinta ya fi ta nauyi.

Uwarta ta zo har shago, ta tsaya daga bakin ƙofa tana goge ido, ta ce, "Hammadu, don Allah ka kira min matar nan."

Na kira. Muryarta a shaƙe take, ashe ta daɗe tana fama da nata ciwon, ban sani ba. Ta ce, "Asabar da safe."

Daga Gwallameji ta taso a keke. Na yi mata sallama da Baffa, ya aiko a ce ba ya nan, alhali muryarsa na fitowa daga zaure, yana waya yana dariya. Ta ce za ta jira. Ba tabarma, ba kujera, ko ruwa. Na ruga na aro benci, ta ce a'a, ba ta zama a ƙofar mutum bai ce ta zauna ba. Na ga ta dafa bango.

Da rana ta yi zafi ya fito. Bai amsa gaisuwarta ba. Ya ce, "Gidan ƙanena kika mayar kotu, nawa ba za ki mayar ba. Ba a haifi matar da za ta zaunar da ni tabarma ɗaya da 'yar cikina ba. Ki bar min ƙofa."

Ta ce, "Alhaji, ba girmanka na zo ɗauka ba. Yarinyar na zo mu taru mu riƙe."

Ya buga ƙyaure.

Na yunƙura zan bi shi. Ta kama hannun rigata, ta ce, "Kul. Baffanka ne. Tsoro ne ya cika shi, bai san inda zai ajiye ba. Zan dawo."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Ɗazu a wajen jana'iza, wa zan gani a sahun gaba? Baffa, da farar babbar riga. Da kunnena na ji yana ce wa 'yan'uwanta, "Ai 'yar gida ce a wajenmu, kullum ƙofarmu a buɗe take gare ta." Ɗansa ma ya sa hotonta, ya rubuta "uwa ta gari".

Sista, ki yafe min. Kin ce kul, wannan kam na kasa.

Baffa, na san za a karanta maka. Bulalar da ka yi min na yafe, na faɗa a gaban jama'a. Amma ka tsaya kan gawar matar da ka kora kana ƙarya, yarinya na ƙarewa a ɗakinka, wannan ba zan haɗiye ba. Tunda ka ce ƙofarka a buɗe take, za mu gani. Malam Iliya, abokin aikin Sista da suke zuwa zaman gida tare, na same shi a maƙabarta, ya ce zai zo. Asabar mai zuwa zan kawo shi. Ka shimfiɗa tabarma, ko ka sake barin mutum a rana, unguwa na kallo.

Allah Ya jiƙan Sista Talatu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya ba ta inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya haɗa da ƙanwata 'yar Baffa, Allah Ya kai ta Asabar lafiya.

In kuma Baffa ya ce ba a yi ba, ba ni kaɗai na gani ba. Sale mai keken da ya kawo ta yana nan. Goggo Hanne mai ƙosai tana nan, a shagon ɗanta na aro bencin. Ladan ya wuce ya dawo ya tarar da ita tsaye.

Yarinyar ma ta gani. Tana bayan taga tun daga farko, ta sa hijabinta na fita, tana jiran a ce ta kawo tabarma.