Fiyus na Huɗu a Gidan Ubaidullahi

A shekarar 2025 Ubaidullahi ya dawo da iyalinsa unguwar Alsawra daga garin Shandi, inda suka yi gudun yaƙi. Ya tarar an yashe gidan, har wayoyin cikin bango an zare su. Abin da ya rage masa shi ne rakshar da ya gudu da ita, mai ƙafa uku, mai aiki da batir, da kuma cajarta.

Maƙwabcina ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, ya tsaya tsintar auduga a gonakin yankin Jazira, bai ƙara gaba ba. Shi kuwa Ubaidullahi tuƙi ya tashi da shi. Mahaifiyarsa, Hajja Mariyamu, ana yi mata wankin ƙoda kowace Lahadi da Laraba a wani asibiti mai nisa, kuma rakshar nan ce kaɗai abin da zai kai ta. Likita ya gargaɗe su kada ta tsallake ko sau ɗaya.

Usta Isma'il, mai gyaran wuta, ya kafa masa akwatin fiyus a bangon ɗaki, ya ja waya ta gindin katanga zuwa rumfar raksha. Waya ta yi wuya a garin, saboda haka guntaye uku ya haɗa, ya naɗe mahaɗan da tef. Ya ba shi fiyus huɗu, ya ce su ke nan a hannunsa.

A kwanakin nan da azahar ake kawo wuta, a ɗauke da magariba. Ran Asabar caja ta yi aiki sa'a biyu, fiyus ya ƙone. Ran Lahadi haka, da ƙyar suka je asibiti suka dawo. Ubaidullahi ya canza soket, ya kashe ɗan firjin da ya aro, ya kafa wa caja fankar aro ko zafi ne ke damunta. Ran Litinin na uku ya tafi.

Da azahar ɗin Talata Usta ya zo, ya auna duk abin da ake aunawa.

“Ya zol, bawan Allah, cajarka ta fi ni lafiya,” in ji shi. “Sai dai in aljani ne ke shan wutar.”

Ubaidullahi bai yi dariya ba. Ya fito da silin wayar jan ƙarfe daga aljihu. “Usta, kowa a layin nan da wannan yake ɗaure gurbin fiyus. Gobe Laraba.”

“Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. In ka ɗaura wannan, kada ka sake kirana.”

Usta ya tafi. Ubaidullahi ya daɗe tsaye gaban akwatin, sili a hannun dama, fiyus na huɗu a hagu. Daga bisani ya mayar da sili aljihu, ya sa fiyus ɗin. Sai ya tuna cewa bai taɓa ganin ƙonewar da idonsa ba: kullum yana masallaci sallar la'asar, ya dawo ya tarar fitilar caja a mace. Ranar a gida ya yi sallah, ya zauna bakin gado a tsakar gida, ya zuba wa wayar ido.

Can sai ga Hajja Mariyamu ta fito da bokiti, ba takalmi, tana yayyafa wa tsakar gida ruwa da tafin hannu, kamar yadda ake yi kowace yamma domin ƙasa ta huce kafin a fito da gadaje. Tana tafe tana watsawa, ta nufi gindin katanga.

“Inna, tsaya nan!”

Ya yi tsalle ya kashe wutar. Ya durƙusa ya ɗaga mahaɗi na biyu: tef ya ɓare, jan ƙarfen ya yi kore, ƙasar wurin da sauran laimar jiya. Ashe ruwan yayyafin ne ke shiga mahaɗin ya ƙona fiyus. Ya dubi ƙafafunta, ya taɓa silin da ke aljihunsa: da shi ya ɗaura, da ba abin da zai yanke wutar.

“Kai Ubaidu, ka tsinka mini zuciya,” ta ce. “Tun ina amarya a Jazira nake yayyafin nan. An hana ni gishiri, an hana ni shan ruwa, yanzu watsa shi ma za ka hana ni?”

“Ba zan hana ki ba, Inna. Ki dai ba ni sa'a ɗaya.”

Ya sake naɗe mahaɗan, ya buga ƙusoshi, ya ɗaga wayar saman katanga. Sa'ar nan ta rage wa batir rabonsa. Washegari sun isa asibiti a kan lokaci, amma a dawowa raksha ta mutu a bakin layinsu, maƙwabta suka tura ta har ƙofa, Hajja na ciki tana ba su umarni.

Yau Ubaidullahi yana ɗaukar fasinja tsakanin Alsawra da kasuwa, ban da Lahadi da Laraba. Wayar mai mahaɗi ce har yanzu, fiyus na huɗu ne a cikin akwati, kuma bai samo wani ba.