Ƙulli Goma Sha Uku a Mayafin Inna

Ranar Alhamis ce, tsakiyar bazara. Na dawo daga sallar asuba na tarar da Inna a bakin ɗakinta tana faɗa da kajin matata Hauwa. Rediyona na rataye a jikin danga yana ba da labaran duniya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, Mai Akwati take ce mini, saboda akwatin rediyon nan. Ta ce in rage murya, wai tun da na sayo abin nan ba ta ji ya ambaci tungarmu ba ko sau ɗaya. Na ce wata rana zai ambata. Ta ce Allah ya sa da alheri.

Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta nesa. Tana da wata ɗabi'a da muke tsokanarta a kai. Duk sallar da ta yi da taimama sai ta yi ƙulli a bakin mayafinta, don ta rama daga baya. Liman ya sha gaya mata ba sai ta rama ba. Ta ce ba liman zai tsaya mata gobe kiyama ba.

Bakwai da rabi muka ji babura daga yamma. Mun saba da ƙarar masu zuwa ramin zinariya ta wajen Bagega, ɗaya ko biyu su wuce. Wannan ƙarar ba ta yankewa. Sai harbi uku a jere daga bakin masallaci, sai ihun mata.

Hauwa ta goya ƙaramin ɗanmu, ta ja yayyensa biyu a hannu. Inna ta yi taku biyar ta zauna. Rumbunmu na ƙasa ne, bakinsa a sama, ba a shiga ko fita sai da tsani. Ni da maƙwabcina Bello muka ɗaga ta muka sauke ta kan sauran geron da ke ciki. Na miƙa mata buta cike da ruwa da curin fura biyu. Na mayar da murfi, na gyara jinka. Sannan na janye tsanin na jefa bayan danga don kada su gane akwai mutum.

"Kak ka daɗe, Mai Akwati," ta ce daga ciki.

Muka bi busasshen rafi. Ana ta "Ku tsaya! Kowa shi kwanta!" a bayanmu. Wani mai niƙa da ke gudu a gefena ya faɗi, ban waiwaya ba. Da azahar muna ƙarƙashin wata tsamiya muna kallon hayaƙi a inda garinmu yake. Sai a lokacin na ga rediyon a wuyana. Ban san sanda na ɗauko shi ba. Takalmi kuwa ban ɗauko ba.

Da hantsin Juma'a wata motar itace ta kai mu Anka, aka sauke mu a wata makarantar firamare. Bayan masallaci muka je wurin jami'an tsaro. Suka rubuta sunayenmu, suka ce ba za su shiga dajin ba sai umarni ya zo daga sama. Bello ya tara mutum huɗu masu babura. Suka yanke za a koma da asubahin Asabar, ko da rakiya ko babu.

Da la'asar ƙanena Murtala ya kira ni. Yana Ingila, yana gadi a wani kanti. Ya ce kada mu koma mu kaɗai, maharan na nan a hanya. Ya ce gobe 'yan wajenmu da ke can za su fita zanga-zanga gaban ofishin jakadancin ƙasarmu, kuma wani wakilin gidan rediyo ya yi alkawarin zuwa. Ya karɓi sunayen waɗanda muka baro, na Inna ne farko.

Na yarda da shi, don ni mutumin rediyo ne. Na sha ganin gari ya shekara yana kuka ba a kula ba, ranar da aka faɗi sunansa daga waje sai motoci su taso. Na je na samu Bello. Na ce a ƙara kwana ɗaya, Lahadi mu tafi da sojoji a gaba, kada mu je a ƙarasa mu shida a banza.

"Buta guda ta hwa," in ji Bello.

Na ce Inna ta san tattalin ruwa. Na yi ta magana har suka haƙura. Ni na hana su tafiya, babu wanda ya tilasta ni.

Asabar da azahar Murtala ya turo hotuna. Mutane ne ba su da yawa, sanye da manyan riguna, ruwan sama na dukansu. Wata mata da ban sani ba tana riƙe da kwali mai sunan Inna. Na zaga makarantar ina nuna wa mutane, har da 'yar taƙama.

Kafin magariba na zauna a gindin bedi, wato dogon yaro, a filin makarantar, jama'a suka kewaye ni. Na sa sabon batir. Aka buɗe shirin da rasuwar wani babban mawaƙi, ya cika a asibiti da safiyar ranar. Na san waƙoƙinsa, da su aka yi bikina, na yi masa salati da gaske. Aka ji daga abokinsa. Aka ji daga makaɗinsa. Aka sa waƙarsa, aka kira masoyansa na ƙasashe uku suna kuka. Ladan ya kira magariba, ban tashi ba. Na ce yanzu za a zo kanmu. Aka rufe da labarin ƙwallo.

 Jama'a suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka tafi alwala.

Lahadi da safe jana'izar mawaƙin ce tun daga farkon shiri har ƙarshe. Murtala ya kira yana kuka. Ya ce wakilin ya zo kuwa, sai dai ya tsaya a gabansu da kwalayensu yana tambayar yadda suka ji da rasuwar mawaƙin. Na koma wurin jami'an tsaro. Mai tsaron ƙofa na kallon taron jana'izar a wayarsa, ya ce umarni bai zo ba. Kafin yamma uku daga cikin masu baburan sun kwashi iyalansu sun nufi Gummi.

Litinin bayan asuba muka tafi mu uku. Ba mu haɗu da kowa a hanya ba. Mun isa da hantsi. Ɗakunanmu sun ƙone, rumbun kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Tsanin na nan inda na jefa shi. Na kira ta sau biyu kafin in hau.

Tana jingine, fuskarta gabas. Butar ta bushe. Curin fura ɗaya na nan a gefenta, ba ta taɓa ba. Muka rufe ta da sauran waɗanda muka samu kafin azahar, na ɗauko mayafin.

Ban ƙirga ba sai da muka dawo Anka. Huɗu na Alhamis, tun daga azahar. Biyar na Juma'a. Na goma shi ne asubahin Asabar, lokacin da Bello ya so tashi. Bayansa akwai uku. Na ƙarshen bai ɗauru sosai ba, na magariba ne, ina zaune a gindin bedi da rediyo a cinyata.