Ban Ruwa a Filin Jirgin Sabha

Ni manomi ne ɗan manomi daga arewacin Tanut, amma aikin da ya fi daɗewa a hannuna a Sabha, can ƙetaren hamada, shi ne shayar da siminti. Lokacin ana faɗaɗa filin jirgin sama na garin, ana ƙara tsawon hanyar da jirgi ke gudu kafin ya tashi, da wani fili mai faɗi inda manyan jirage za su riƙa tsayawa. Injiniyoyi suna cewa don gaba ake yi, don jiragen da ko ƙera su ba a yi ba. To, Allah ya kai mai rai.

In an zuba kankare an daidaita, sai mu lulluɓe shi da buhunan algarara, ni kuma in bi da tiyo ina jiƙawa safe da yamma, don in rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa yake. Ka ji fa! Mutumin da uwarsa ke jan guga gaba ashirin kafin ta cika tulu, shi aka ba tanki guda ya zubar a kan dutse. Ranar farko ji na yi kamar ina aikata zunubi.

Abin da ya fi cina shi ne ƙamshin. Duk inda ruwan ya gangara ya taɓa busasshiyar ƙasa, sai ƙamshin ruwan fari ya taso, ni kuwa in tsinci kaina a gonar mahaifina. A Sabha sama ba ta haɗa hadari, shekara sukutum ka ɗaga kai ba abin da za ka gani sai jirgi. Na yi kewar gida ƙwarai a wurin nan.

A garinmu ɗan ci-rani yana da iyaka: ka tafi bayan girbi, ka dawo kafin ruwan shuka. Ni kuwa damina biyu ta wuce ban koma ba, saboda fari ya cinye mana rumbu, bakin yara kuma ba ya jiran hadari. Tun rasuwar mahaifina, ƙanensa Baffa ke da ta cewa a kan gonakin gidanmu. Ya kira ni wata Juma'a ina ɗakinmu a unguwar Tayuri.

"Gona ba ta zaman takaba, ɗana," in ji shi. "Bana in ruwa ya sauka ba iri daga ɗakinku a cikinta, zan ba ɗan'uwanka aro."

Ɗan'uwan nan ɗan cikinsa ne. Kowa kuma ya san aron gona a wurinmu, in mutum ya zuba taki ya ci damina biyu uku, karɓo ta sai a bakin hakimi.

Na je wurin shugaban aikinmu, wani Bafazzane ɗan asalin yankin, baƙi kamar ni, wanda ya tsinci Hausa a bakin kakarsa. Ya saurare ni da kyau, ya dafa kafaɗata.

"Kai tafi yau, wani zo gobe," ya ce. "Bari wannan gefe ƙare. Ni riƙe maka wuri."

Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. Na lissafa da watan sama, na ga akwai sarari: mu gama gefen, in hau mota zuwa Agadas, in isa gida da sungumina kafin ɗigon fari. Har na sayi turmin atamfa na Inna, na ɗaure kayana.

Ashe damina ta yi sammako a shekarar. Ina tsaye da tiyo da hantsi, wani jirgi yana ɗumama inji a tsohon gefen filin, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Matata ce, tana haki.

"An yi ruwa jiya, mai yawa. Ga Inna."

Na saki tiyon. Al'adarmu, wanda ya fara sa iri a gona shi ke da ita a wannan daminar. Matata tana cikin kulle, ba ta fita. Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da mutuwa, ko salla a zaune take yi.

"Na je," Inna ta ce. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai da na toshe ɗaya kunnen saboda rurin jirgi. "Tun da asuba na ɗauki ƙwaryar iri na riga su. Ina sara, ina zubawa, ina rufewa da dunduniya."

"Haba Inna! Da wace ƙafa?"

"Da wadda na goya ka. Baffanka ya zo ya tarar da ni zaune a ƙasa. Ya ce al'ada ba ta ƙarya, inda ƙafata ta kai naka ne, sauran na aro."

"Ina kika kai?"

Ta amsa kamar mai jin kunya.

"Gindin aduwa."

Aduwar nan a bakin gona take, yaro ma daga kan hanya yana jifanta ya kaɗo 'ya'ya. Gonar kuwa sai ka yi tafiya ka gaji kafin ka ga ƙarshenta.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan," ta ce. "Na so in ƙara ko layi ɗaya."