Hannun Hagun Adda Dija

Wata Asabar ce da hantsi, a bazarar shekarar da yayata Adda Dija za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, Baba ya tara mu a falon gidanmu na Luggere don mu ga yadda ake kunna kwamfuta. Tsohuwa ce da ofishinsu ya sallama, ya ɗauro ta a bayan mashin, ya yi kwanaki yana latse-latsenta shi kaɗai yana taunar goro. Ran nan har 'ya'yan maƙwabta sun cika taga. Baba ya ce babba ta zo ta danna. Adda ta goge tafinta a zani ta miƙa hannun hagu, don ita bahaguwa ce tun haihuwa. Farin rubutu ya fito a baƙin gilashi, sai abu ya ƙame, ba gaba ba baya, sai tsuwa kamar ɗan tsako.

Baba ya kashe ya kunna, ya sauya soket, ya juyo mata fanka wai zafin Jimeta ne, ya bubbuga mata ƙeya. Duk a banza, daidai wurin nan take tsayawa. Yaran taga suka fara ƙyalƙyala, kunya ta kama shi, shi kuwa Baba idan kunya ta kama shi sai wani ya biya. Ya juyo ya ce, "Da wane hannu kika taɓa ta?" Kafin ta amsa mari ya sauka. "Hannun wanke kashi! Kin kore mata albarka." Ya fizge ɗankwalin mahaifiyarmu Dada, ya ɗaure hannun a ƙugun Adda, ya rantse ba mai kwancewa sai lokacin salla da barci.

Wallahi har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Hannun nan shi ke yi mana kitso, shi ke cinye kowa a carafke, shi ke rubutun da malaminsu yake ɗagawa aji su gani. Yanzu da hannu ɗaya take jan guga a rijiya, igiya tana zare mata fata, da shi take shara, kunu yana zubar mata a ƙirji. A makaranta yara suka sa mata suna gundumi, wai mai hannu ɗaya. Kullum aka kawo wuta Baba zai kunna, ta ƙame, sai ya kira Adda ta tsaya ta gani da idonta, wani lokacin har da dorina. Dada ba ta iya cewa komai sai "Yi haƙuri, na gaba ba ya laifi."

Wata safiya ina shara a ƙarƙashin tebur, Baba ya ɗaga allon maɓallan zai goge, ya kife shi ya girgiza. Wani ɗan ɓarin goro da ya maƙale ya danne maɓalli ɗaya ya faɗo gabana. Ya kunna, sai ga kwamfuta ta wuce sumul har da kiɗanta. A gidanmu kaf mutum ɗaya ne ke cin goro. Ya dube ni, na dube shi, ya sunkuya ya tsince ɓarin ya jefa a baki. Sannan ya ƙwala wa Dada kira ya ce, "Kin gani ko? Tun da aka ɗaure hannun, ga shi ta warke." Laifi tudu ne, in ji masu magana. Na gaya wa Dada, ta toshe mini baki, ɗankwali kuwa bai kwantu ba.

Da hannun dama Adda ta shiga jarrabawa, tana jan biro kamar mai jan garma, lokaci ya ƙare ba ta kai rabi ba. Ta faɗi, ba ta sake neman komawa ba.

Yau gyaran kwamfuta nake yi a Jimeta, duk wadda aka kawo ta ƙame, allon maɓallai nake fara kifewa. Ina kewar kitson Adda, rabonta da yi tun bazarar nan. Kwanaki na kai mata ziyara Yola, na miƙa wa ƙaramar 'yarta wayata, yarinyar ta kawo hannun hagu. Kafin in yi magana Adda ta make shi da ƙarfi, ta ce, "Kar ki lalata wa antinki waya." An daɗe da kwance ɗankwalin, amma hannun bai dawo ba.