Ranar da Na Kai Ƙanina Amana, Babu Mai Karɓa

Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigidana ya kawo ni Kuala Lumpur yana karatunsa, duniyata daga kicin sai falo. Boko kuwa a firamare na tsaya. Amma Allah ya ba ni kunne, daga sallamar mutum nakan san da abin da ya zo.

Da kunnen nan na gane ƙanina yana shan giya. Shi ne autanmu, Baba ya turo shi wata kwaleji a nan saboda ina kusa, duk Juma'a yana zuwa cin tuwo. Sai na lura sallamarsa ta fara tsawo, yana jan "Yaaya" kamar mai lallashi, ga cingam a baki ko da abinci zai ci. Ranar da na tsare shi a kicin bai musa ba. Ya zauna kan buhun shinkafa ya ce, "Yaya, na bari ya fi a ƙirga. Komawa nake yi." Kwalejin ta riga ta ja masa kunne: in ya sake faɗuwa jarrabawa, sai gida, kuma dangi za su ji dalili.

Mun yi addu'a, na yi faɗa, na yi kuka. Wata likita a asibitin unguwarmu ce ta gaya masa akwai taron masu irin matsalarsa, suna haɗuwa suna taimakon juna. Muka zauna da wayarsa, yana karanto wuraren taron ina zaɓe. Na farko a zauren coci ake yi. Ya ce, "In aka gan ni ina shiga can, labarin da zai isa Kano ya fi na giya." Na biyu da Malayanci, shi kuwa abinci kawai ya iya saye da yaren. Na uku da Turanci, a saman wani shago bayan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda matanmu ke sayen mayafi. Na ce wannan ya yi, duk wanda ya gan mu zai ce yadi muka zo saye.

"Mu?" in ji shi.

"To da wa za ka? A gidanmu wa ya taɓa kai kansa wurin malami?"

Haka na taso na gani. In za a kai mutum karatu ko koyon ɗinki, babba ne ke shiga gaba, ya gaida mai wurin, ya faɗi ɗan wane ne, jikan wane, ya ce ga amana. Kuma ba a zuwa hannu rabbana. Na soya waina cike da kula.

Bayan La'asar muka hau benen. Wani dattijo Ba'indiye muka tarar yana jera kujerun roba. Na ce ƙanina ya tambaye shi ina shugabansu.

Dattijon ya yi dariya. Ƙanina ya fassara: "Wai babu shugaba. Yau shi ke jera kujeru, wani makon wani ne."

Na ce ba komai, furfurarsa ta isa. Na gyara mayafi na fara: sunan Baba, unguwarmu, kakanmu da ya yi limanci. Sai na ji ƙanina ya daina fassara.

"Yaya, don Allah."

Dattijon ya fahimta ko ba tafinta. Ya yi magana a hankali, ƙanina yana mayar mini kansa a sunkuye. Wai nan ba a tambayar ɗan wane ne, suna ɗaya ya isa. Wai zaman yau na masu shan ne kaɗai, in jira a ƙasa. Sannan ya dafa ƙirjinsa: "Ba zan iya karɓarsa ba, Hajiya. Ni ma na zo ne don kada in sha yau."

Raina ya ɓaci. Na kama hannun rigar ƙanina na ce mu tafi, ina amfanin wurin da ba mai tsaya maka? Bai motsa ba.

"Kowa ya tsaya mini, Yaya. Baba, ke, mijinki. Shi ya sa nake yi muku ƙarya. Bari in shiga inda ba na jin kunyar kowa."

Na saki rigar. Dattijon ya nuna kular ya ce da Malayanci, "Boleh, lah," wai wannan kam an yarda. Wato waina ta samu shiga, ni ban samu ba.

Na sauka na zauna a shagon mai shayi da ke ƙasa, shayin ya huce a gabana. Ban taɓa barin nawa a hannun da ban sani ba, balle a ce babu hannun ma.

Mako na gaba shi kaɗai ya tafi. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, ya sake sha bayan nan. Amma bai ɓoye ba. A gabana ya kira wani daga cikinsu, mutumin da bai san ko sunan ubansa ba, suka daɗe suna magana, washegari ya koma. Ya ci jarrabawar da ƙyar, ba a mayar da shi gida ba. Har yau yana zuwa, kuma ban san me yake faɗa musu ba. Wani lokaci tambayar takan zo mini har baki, sai in ƙara masa miya.