Gwajin 'Yan Wasa Ranar Shuka

A shekarun da hatsi ya yi tsada, ƙungiyar ƙwallonmu ta Batsari ce kaɗai abin jin daɗin da ya rage mani. Tana gab da faɗowa daga gasa, kuma mai tsaron ragarmu, wani manomi ɗan Karare, shi ke riƙe da ita.

Shugabannin ƙungiyar, ma'aikatan ofis da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suka sa ranar gwajin 'yan wasa. Ana gobe gwajin aka yi ruwan shuka. Ko jaki ya san inda manomi zai wayi gari, amma ba su ɗage ba. Suka soke sunan duk wanda bai zo ba.

Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Sau uku na bi takardar sunayen da yatsa, ina zaton karatuna ne bai kai ba. Sunan manomin ba ya ciki, ɗan sakataren ƙungiyar ne a gurbinsa.

Na ce wa sakataren, "Ranka ya daɗe, wa zai tsare mana raga?"

Ya ce, "Malam, ƙwallon zamani ba ta 'yan gona ba ce."

'Yan ƙungiyar Safana suka ɗauke manomin. A wasan ƙarshe da su muka haɗu. Ya kama duk abin da muka buga, ɗan sakatare ya sha huɗu, muka faɗo. Sakatare ya ce alƙalin wasa ne ya cuce mu. Na tsallaka fili na gaisa da manomin, na tambaye shi yadda geronsa ya yi.